Ƙwallon da Osumanu Ya Mayar

Raket ɗin Osumanu bai tashi karyewa ba sai a lokacin da aka fi bukatarsa. Na itace ne, shekara goma sha huɗu yana hannunsa, an naɗe wuyansa da zare har sau biyu, fatar mariƙin ta yi baƙi ƙirin da gumi. Ranar wata Talata ce a shekarar tamanin da takwas. Ya kai wa wata ƙwallo bugu, ba ma mai ƙarfi ba, sai ya ji ƙas, kan raket ɗin ya langaɓe. Ya tsaya yana kallonsa, ko mamaki bai yi ba, don shi kansa haka yake ji a gwiwar hannunsa ta dama.

Aikin Osumanu ba kowa ke gane shi ba a Maamobi, unguwarsu a Accra. In ya ce wasa ake biyansa ya yi, sai a yi masa dariya. Yana ɗan shekara ashirin ya shiga wani kulob ɗin tanis na manyan Accra a matsayin mai share fili da yayyafa wa jar ƙasa ruwa. Da kallo ya koyi wasan, har aka lura cewa duk ƙwallon da aka bugo masa ba ta ɓacewa. Daga nan ya zama abokin bugun manya. In likita ko lauya ya zo bai tarar da abokin wasa ba, sai a ce a kira Osumanu.

Aikin yana da ƙa'ida, ko da yake ba wanda ya taɓa rubuta ta. Kowace irin ƙwallo mutum ya bugo maka, ko karkatacciya ce, ka gyara ta ka mayar masa ita ta hannunsa na dama, daidai ƙugu, ba da gudu ba, yadda zai maka ta ya ji kamar yana da sauran ƙuruciya. Ba a cin babban mutum. Ba a kuma bari ya gane cewa bar masa ake yi. Shekara talatin da ɗaya Osumanu yana wannan, kuma duk garin ba wanda ya kai shi iyawa. Ya gaji, gajiya irin wadda barci ba ya ɗaukewa, amma bai san wani aikin ba.

Sai aka yi sabon sakatare a kulob ɗin, ya zo da wani saurayi ɗan unguwar Nima mai suna Ganiyu, dogo, mai faɗin kafaɗa, wanda in ya buga ƙwallo har masu shan lemo a baranda sai sun waiwayo. Sababbin 'yan kulob suna son wanda zai sa su gumi, kuma mutum ɗaya za a riƙe. Sakataren irin mutanen nan ne da ba sa son a ce sun kori kowa, sun fi son abu ya kori kansa. Don haka ya ce Asabar ta sama su biyun za su kara, wanda ya fara cin gem shida, wato zagaye shida na wasan, shi ne da aiki. Ya kira wannan adalci, har yana murmushi.

Washegarin karyewar raket ɗin da safe Alima, matar Osumanu, tana bakin kaskon ƙosai a ƙofar gida, inda take sayar da koko. Ta ga karyayyen raket ɗin a jingine da bango.

"Baaban Zelia," in ji ta, don da sunan 'yarsu take kiransa, "kai da yaron ga za ku yi gudu cikin rana? Hannunka ma koraa ba ya miƙewa."

"In ban je ba fa?" ya ce. "In zauna in yi maka gadin ƙosai?"

"Ƙosai dai bai taɓa kumbura ma wani hannu ba."

Ya shanye kokonsa a tsaye, ya tari trotro, ƙaramar bas ta haya, zuwa cikin gari.

A Zongo Lane akwai wani Lauwali, mutumin Maraɗi, mai sayar da kayan gwanjo: takalma, jakunkuna, da duk abin da ya faɗo daga cikin dila. Lokaci-lokaci raket na faɗowa, yawanci tsirkiya a tsinke, Osumanu ne yake ɗaura masa sabuwa. Shi ya sa da Lauwali ya ji abin da ya faru, ba a yi ciniki ba. Ya shiga ƙuryar rumfa ya fito da guda uku, ya jera su a kan tabarma.

"Zaɓi, Malam Usmanu," ya ce da cikakkiyar Hausarsa ta arewa. "Hannunka ya biya tun tuni."

Na farko na goran ruwa ne, wato alminiyam, fari sol. Osumanu ya ɗora shi a kan yatsa ɗaya don ya ji inda nauyin yake, ya buga tsirkiyar a tafin hannunsa ya kara a kunne. Ƙarar kamar an buga gwangwani. Ya ajiye shi ba tare da ya sake kallonsa ba. Na biyu na itace ne, ƙanen wanda ya karye, ƙaramin kai, nauyi a wuya. Yana kama shi yatsunsa suka zauna inda suka saba, har ya ji kafaɗarsa ta saki. Na uku baƙi ne, irin na zamani, ba itace ba kuma ba ƙarfe ba, kansa faffaɗa kamar faifai, ba nauyi sam. Irinsa ne a hannun Ganiyu.

"Masu saye sun koya mini abu ɗaya," in ji Lauwali. "Wai raket da irin wasan mutum yake tafiya. Mai tsayawa baya yana duka da ƙarfi, baƙin nan yake so. Mai lallaɓa ƙwallo ya ajiye ta inda ya ga dama, na itace yake so. To kai yaya wasanka yake?"

"Ni mayarwa nake yi."

"Kowa ai mayarwa yake yi, Malam. Ina nufin in ka tashi cin mutum, ta ina kake cinsa?"

Masu tura kura suna ta neman hanya a bayan Osumanu, wata mai tallan lemo ta gifta, shi kuwa yana tsugune yana lalube cikin shekara talatin da ɗaya ko zai sami rana guda da ya shiga fili da niyyar cin wani. Bai samu ba. Kunya ta kama shi, ta tambayar da ɗan gwanjo ya yi masa ba da wata manufa ba.

Ya ajiye na itacen a hankali, ya ɗauki baƙin.

"Hannunka wancan ya zaɓa," in ji Lauwali. "Na gani da idona."

"Hannu bai san sakatare ba," in ji Osumanu. "Wanga zan ɗauka. Yaron yana da ƙarfi paa, na itace ba zai tare shi ba."

A gida ya zauna a inuwar zaure da basilla da ɗan guntun icen da yake jan tsirkiya da shi. Ya tsinke tsohuwar, ya ɗaura sabuwa layi-layi, yana ja yana saurare, ya ɗan sassauta ta saboda gwiwar hannunsa. Wannan kam ya iya, ba ya bukatar shawarar kowa. Abin da bai iya ba shi ne wanda ya tashi koya daga washegari. Bayan sallar asuba sai ya tafi bayan wata makaranta inda akwai dogon bango. Ya zana da'ira biyu da gawayi, ɗaya can dama ɗaya can hagu, ya bar tsakiya ba komai. Kafin kowane bugu sai ya ce a ransa, nesa da shi, wato nesa da abokin karawa. In ya tuna ya faɗa, ƙwallon ta tafi cikin da'ira. In hankalinsa ya ɗan tafi wani wuri, sai ta dira a tsakiyar bango, daidai ƙugun mutum. Kwana tara yana wannan, yana komawa gida Alima na gasa masa hannu da ruwan zafi tana mita.

Ranar Asabar bayan la'asar barandar kulob ta cika, don mutane suna son kallon abin da ba su za a yi wa ba. A kujerar gaba akwai Dakta Ofori, tsohon likita, wanda Osumanu ya shekara ashirin yana ba shi ƙwallo kowace Litinin da Alhamis. Ganiyu ya zo har gindin raga ya rusuna ya gaida Osumanu.

"Baaba, ka yi haƙuri. Ba ni na ce a yi haka ba."

"Na sani. Je ka tsaya wurinka."

Gem biyun farko Ganiyu ya cinye su kafin Osumanu ya gama jin zafin rana. Amma baƙin raket ɗin bai ci amana ba. Ƙwallon da da za ta murɗe na itace a hannu, wannan tare ta kawai yake yi ta koma da ƙarfinta. Kuma tsohon ba ya ɓatarwa. Nesa da shi, sai ƙwallo ta tafi kusurwar hagu. Nesa da shi, sai ta faɗi gindin raga. Ganiyu bai saba a dawo masa da bugu na huɗu da na biyar ba, sai haushi ya fara kama shi, yana maka ƙwallo a raga ko ya aika ta bayan layi. Aka yi uku da uku. Aka yi huɗu da huɗu. 'Yan baranda suka daina hira.

Osumanu ya ci gem ɗinsa na biyar. A lokacin gwiwar hannunsa zafi take kamar an zuba barkono, ƙafafunsa sun yi nauyi, numfashinsa har Ganiyu yana jiyo shi daga can. Amma a ƙirjinsa akwai wani abu da bai taɓa ji ba a filin nan: yana so ya ci. Abin har ya ba shi tsoro.

Suka ja gem na gaba har ya rage masa maki ɗaya tak. In ya samu, aiki nasa ne. Ganiyu ya bugo, ya mayar. Ya sake bugowa, ya mayar. Sau goma sha wani abu ƙwallon tana kaiwa da komowa, har idon Osumanu ya fara ganin duhu-duhu, kansa ya zama fanko, ba sauran kalma a ciki. Sai Ganiyu ya bi wata ƙwallo can kusurwa, ƙafarsa ta zame a jar ƙasa, ya durƙusa da gwiwa ɗaya, da ƙyar ya ɗago ta. Ta taso a hankali, sama-sama, ta faɗo gaban Osumanu. Ɗaya gefen filin a buɗe yake wayam, ko Alima aka ba raket za ta ci.

Mutum ya faɗi a fili, yana ƙoƙarin tashi. Osumanu ya ga irin wannan sau ɗari, kuma hannunsa ya san abin da ake yi wa wanda ya faɗi. Bai jira a tambaye shi ba. Ya lallaɓa ƙwallon, ya ba ta ɗan tsawo don mutum ya samu ya miƙe, ya ajiye ta ta hannun daman Ganiyu, daidai ƙugu.

Tun tana sama Osumanu ya gane abin da ya yi. Ganiyu ya miƙe, ya gyara tsayuwa, ya maka ta. Ko motsi tsohon bai yi ba.

"Kyakkyawar ƙwallo, Osman!" in ji Dakta Ofori da Turanci daga baranda, yana tafi, kamar yadda ya saba faɗa kowace Litinin da Alhamis.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Ƙarfin da Osumanu ya tara na kwana tara a makin nan ya ƙare. Ganiyu ya ci wannan gem ɗin da wanda ya biyo, ba a ɗauki minti goma ba. A gindin raga saurayin ya kama hannunsa da hannu biyu, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Baaba, na gani. Kai ka bar mini. Wallahi ba zan manta ba, Allah ya saka maka."

Osumanu ya gyaɗa kai kawai, don ba shi da numfashin musu. Sakatare ya ce masa ya zo Litinin a yi sallama yadda ya kamata.

Tsakanin Nima da Maamobi labari ba ya bukatar mota. Kafin Osumanu ya sauka daga trotro ana kiran magariba, an riga an ji. Mai shayin bakin titi ya ɗaga masa hannu yana cewa irinsu sun yi ƙaranci. A masallaci wani dattijo ya riƙe shi yana sa masa albarka, wai ya duba yaro mai tasowa ya bar masa abinci. Kowa ya yabe shi, shi kuwa kowane yabo sai ya ji ya ƙara masa gajiya.

Alima tana tsakar gida tana jiƙa geron kokon gobe. Ta dube shi, ta dubi baƙin raket ɗin da ya jingine inda karyayyen yake.

"Baaban Zelia, gaskiya ne? Sun ce ka ba yaron kyauta."

Ya zauna a kan turmi, ya ɗora hannun dama a cinyarsa yana kallonsa. Gwiwar ta kumbura, yatsun har yanzu a lanƙwashe suke kamar suna riƙe da wani abu.

"Ban ba shi ba," ya ce.

"To mi ya faru?"

"Na so in ci, Alima. Wallahi sau ɗayan ga na so in ci."

Ta goge hannunta a zani, ta shiga ɗaki ta ɗauko man kaɗanya, ta tsuguna a gabansa ta fara miƙe masa yatsun ɗaya bayan ɗaya.