Akwatin Gogen Malam Isiyaku

Malam Isiyaku mai goge bai taɓa sa baki a rikicin sunan unguwarsu ba, sai da rikicin ya biyo shi har zaure.

Unguwar tana bayan gari, a hanyar Batagarawa. Makiyayan da suka fara zama a wurin sun ce sunanta Rijiyar Ƙura, saboda ƙurar da shanu ke tayarwa in sun zo shan ruwa. Su kuwa waɗanda suka taso daga ƙauyuka daga baya, 'yan acaɓa da leburori da masu tireda, Rijiyar Kura aka rubuta musu a takardun filayensu, kuma suna tsoron in harafi ɗaya ya sauya, wata rana a ce takardun ba na nan ba ne. Sau uku ana kafa allo a bakin titi, sau uku wani na zuwa da fenti, ya lanƙwasa kan harafin ko ya shafe lanƙwasar.

Da aka ji an gayyaci Malam Isiyaku wasa a Legas, kuma a jirgi zai je, sai Garba kafinta ya haɗa wa gogen akwatin katako kyauta, ya rubuta sunan unguwar a murfi, yadda yake a takardar filinsa. Washegari Ardo Babaji, shugaban makiyayan, ya zo wurin Malam Isiyaku. Bayan doguwar gaisuwa ya tuna masa cewa a bukukuwansu ya yi suna, ba zai kyautu ya kai su Legas da sunan dabbar da ke cinye musu maruƙa ba. Kwana huɗu ana sallama a ƙofar gidan, kowane ɓangare yana son a rubuta nasa harafin a murfin. Mai gogen, wanda ya haura sittin, bai samu ko awa guda ya gwada tsirkiya ba.

"Ni ko karatun boko ban yi ba," ya ce wa ƙanensa Hashimu. "Mi zan ce masu?"

Hashimu ne ya kai shi filin jirgi da safe a Keke Napep ɗinsa, murfin akwatin duk ya sha kankara da sabon fenti. Ma'aikaciyar da ke karɓar kaya ta auna akwatin, ta ce ya yi tsawo, sai dai a sa shi a ƙasan jirgi tare da sauran kaya. Malam Isiyaku ya leƙa ya ga yadda ake jibga jakunkuna. Ya yi mata bayani a hankali cewa ƙwarya ce da fatar guza, shekararta talatin a hannunsa, in ta tsage ba ta ɗinkuwa ta koma yadda take.

Ta duba layin da ya taru a bayansa, ta sauke numfashi. "Baba, in ba akwatin, zai shiga."

Ya buɗe murfin, ya ciro gogen da bakansa, ya naɗe su a babbar rigar da ya tanada don wasa. Hashimu ya tsaya rungume da akwatin, yana tambayar abin da zai faɗa a unguwa.

"Ka ce masu ya yi tsawo."

Cikin jirgi ya roƙa aka bar masa gogen a cinya. Bai ci abin da aka raba ba, don hannuwansa biyu suna riƙe. Da jirgin ya fara sauka sai kunnuwansa suka toshe, kamar an cusa masa auduga, kuma har aka kai shi masauki ba su buɗe ba.

Da la'asar ya zauna a bakin gado, ya warware rigar, duk ta yamutse. Fatar ba ta yi komai ba. Ya ja baka a kan tsirkiya, ya ji sautin daga nesa, kamar daga gidan maƙwabta. Ya ɗora haɓarsa a kan ƙwaryar don ya ji rawar sautin a ƙashinsa, ya ɗan ɗaure tsirkiyar, ya sake ja. Yana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa har sau biyu bai ji ba, sai da direban waɗanda suka gayyace shi ya turo ta, ya nuna masa agogo.