Uwar Maƙera a Kufan Tiga

Kafin masunta su gani, kafin wani makiyayi ya kawo labari, Baba Gwadabe ne ya fara ganin kututturen tsamiyar nan ya leƙo daga ruwan Tiga. Duk wanda ya ce ya riga shi, ƙarya yake yi. Shekara hamsin ke nan da ruwan dam ya shanye ƙauyensu, bana kuwa rani ya tsananta, ruwa ya ja baya har kufan ya fito fili, laka ta bushe ta tsattsage.

Gwadabe bai taɓa zama a aji ba, bai kuma ga abin da ya rasa ba. Ya ga farin da ya kashe shanu yana saurayi. Ramin kuza ya rufta da shi a Riruwai, ya fito da ƙafarsa. Kububuwa ta sare shi a Doguwa, ita ta mutu. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Ranar da aka tashe su, direban motar da ta zo kwashe kaya ya ƙi ɗaukar uwar maƙerar mahaifinsa, ƙarfen da ƙarti huɗu ke nishi kafin su ɗaga. Shi da tsohon suka haƙa rami tsakanin tsamiya da rijiya suka binne ta, a kan in ruwa ya ja za su dawo. Ruwa bai ja ba. Tsoho ya rasu a sabon gari yana manomi, waɗanda suka san gidansu gidan ƙira ne kuma suka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu sai Ɗantani, sa'ansa, wanda ya zo garin daga baya, ke zaune a majalisa yana yi masa dariya.

"Sarkin Maƙera, barka da hantsi! Yau me aka ƙera mana? Ko allura?"

"Bakinka zan ƙera, Ɗantani, in yi masa marfi."

Dama Gwadabe yana da injin neman ƙarfe, wanda ya saya hannun wani da ya dawo daga haƙar zinare a Nijar. Shekara shida yana yawo da shi kufai-kufai daga Ƙofa har Dangora, don sha'awa kawai. Ya cika gwangwani uku da anini, da sisin Turawa, da kan kibiya, da munduwar tagulla. Amma injin nan ba ya jin abin da ya wuce taƙi ɗaya a ƙasa. Ya kai shi kufan, ya yi ta kai da komo, ƙusa kawai yake samu. Rijiyar ta cike, babu ko alamarta. Ya haƙa rami uku da ka, bai tarar da komai ba sai laka. Ga hadari ya fara haɗuwa a kudu. In damina ta sauka ruwa zai koma wurinsa, shi kuwa bai da wata shekara hamsin ta jira.

Ya sayar da ragunansa, ya aika wa autansa Mudassir, malamin makaranta a Kano, ya ce a sayo masa inji na biyu mai jin nisa.

Mudassir ya zo ranar Asabar da kwali mai sheƙi. Inji ne siriri, mai ƙaramin faranti da gilashi mai nuna lambobi.

"Baba, wannan shi ne na zamani. Mai shagon ya ce shi ake rububi."

"Yana jin nisa?"

"Baba, ai ya fi kowanne tsada."

Kwana uku suna taka kufan nan cikin rana. Ɗantani ya biyo su da ƴan kallo, ya sami inuwa ya zauna da gorarsa ta kunu. Inji shiru. Sau ɗaya ya yi ƙara, aka tona, murfin kwalba.

"Allahu akbar," in ji Ɗantani. "Ashe maƙerar gidanku ƴar ƙarama ce. A sa ta a aljihu mu tafi."

Jama'a suka kwashe da dariya. Ran Gwadabe ya ɓaci. Ya yi jifa da fartanyarsa ƙasa, ya juya zai tafi, farantin injin ya bi ta kanta. Injin bai yi ƙara ba. Gwadabe ya tsaya. Ya sake gogawa a kan fartanyar, ya sake. Shiru.

"Kai Mudassir, zo nan. Wannan mece ce?"

"Fartanya ce, Baba."

"Da katako aka yi bakinta?"

Mudassir ya sunkuyar da kai. Sai a lokacin ya faɗi gaskiya. Da mai shago ya tambaye shi me tsohon ke nema, kunya ta hana shi cewa tsohon ƙarfe a gaban mutane, sai ya ce zinare. Aka ba shi injin masu zinare, aka saita shi ya riƙa tsallake baƙin ƙarfe don kada ya ɓata musu lokaci.

"Kunya?" Gwadabe ya daka tsawa har tsuntsayen bakin ruwa suka tashi. "Ƙarfen da ya ciyar da kakanka kake jin kunyar faɗa? Kwana uku ina bin kufan ubana da kurman inji, ana yi mini dariya, saboda kai ɗan boko ne ba ka son a ce ubanka ɗan gwangwan ne! Ɗauki kwalinka. Gobe da ƙafata zan je."

Washegari ya sa masabar mahaifinsa a buhu, guduma ce mai nauyi, ita kaɗai ta tsira daga maƙerar, suka hau bas zuwa Kano. Mudassir na riƙe da kwalin injin.

Mai shagon, wani Mas'ud, ya tare su da fara'a.

"Sannu da zuwa, Baba. Ai abu mai sauƙi ne, maɓalli ɗaya za a taɓa ya ji ƙarfe."

"Taɓa mu gani."

Gwadabe ya ce a fito waje. Ya dire masaba a ƙasa, ya riƙe injin a kanta, ya yi ƙara. Ya ɗaga shi a hankali. Yana kaiwa gwiwa ya yi shiru.

"Ka gani? Ramin da muka haƙa ya kai ƙuguna, ban da lakar shekara hamsin. Kawo wani."

Mas'ud ya kawo wani mai magana da Turanci. Gwadabe ya ce bai zo hira ba. Shi ma a gwiwa ya mutu. Aka kawo na uku, mai shiga ruwa, bai wuce cinya ba. Mutanen layin suka taru suna kallon tsoho yana awon inji da jikinsa.

"Wancan fa, na saman kanta, mai ƙura?"

"Haba Baba, wannan tsohon yayi ne. Ga nauyi, ba gilashi, kuma ba ya bambance komai. Ƙananan abubuwa ma ba ya jin su sosai."

"Na ce maka ɗan kunne na zo nema? Sauko da shi."

Farantinsa ya kai faifai girma. Gwadabe ya ɗora a kan masaba, ya yi kuka kamar jaki. Gwiwa, yana kuka. Cinya, yana kuka. Sai da ya kusa ƙugu sannan muryar ta dushe.

"In guduma ya ji daga nan, uwarta fa? Shi zan ɗauka."

Ranar Litinin aka yi yayyafin farko. Ranar Talata, Gwadabe ya rataya injin a kafaɗa, ya fara daga tsamiya yana tafiya layi-layi kamar mai shuka. Kafin azahar injin ya saki kukan jakinsa, a wurin da bai kai taku biyar ba daga raminsa na biyu. Makon jiya ma da kurman injin nan suka bi ta kai.

Mudassir ya cire rigar makaranta ba tare da an ce masa ba, ya karɓi diga. Suka wuce laka, suka shiga jar ƙasa. Da diga ta daki abin, ƙarar ta kai har inuwar da Ɗantani yake. Gwadabe ya sauka ramin da kansa, ya share da tafin hannu. Tsatsa ta ci ta, amma ga lotsawar nan a gefe inda masabar tsoho ta saba sauka. Ya daɗe a durƙushe. Da ya ɗago, idonsa ja.

"Ɗantani! Taso ka sa ta a aljihu!"

Ɗantani ya leƙa ramin, ya gyara hula, ya ce dama shi bai taɓa musu ba. Gwadabe ya ce ƙarya yake, ya kama igiya. Mutum shida suka jawo ta, amalanke ta kai ta gida. Bayan mako uku ruwa ya rufe tsamiyar.

Tana nan yau a ƙofar gidan Gwadabe, ya shafe ta da baƙin mai, injinsa na farko da mai kukan jakin suna rataye a zaure. Wanda duk ya ce tatsuniya ce, ya hau mota ya sauka Bebeji ya tambayi gidan. In ya ɗaga ta daga ƙasa shi kaɗai, ko da yatsa ɗaya ne tsakani, ya tafi da ita, Gwadabe ya bar masa har da injin.