Kuben Hagu na Gani

Duk kuben bindigar da na ɗinka wa ƙanena Isagani a watan nan sai da ya dawo mini da shi. Ni Puring, da na gaji dukanci a hannun mahaifinmu a nan Marikina, wadda 'yan sanda ke hawo jifni, motar hayarmu, tun daga Pasig don in auna musu ƙugu, wai ni ce yau ban iya ɗinka kube ba.

Gani, kamar yadda muke kiransa, shi ne shugaban masu gadi a wata ma'ajiyar shinkafa da ke bakin kogi. Babbar bindigar hannu yake ratayawa, irin mai nauyin nan da ke jan bel ƙasa in fatar ba ta da kauri. Kowace shekara kamfaninsu yana kai su filin gwaji: mutum ya zaro bindiga daga kube kafin a busa usur, ya harbi allo. Wanda ya faɗi, a karɓe bindigar a sallame shi. Gani ya haura hamsin, ba wanda zai sake ɗaukarsa, ga 'yarsa tana tsakiyar karatun jinya. Gwajin kuwa ƙarshen wata ne.

Na farkon na yi masa da fatar kafaɗar bijimi, na jiƙa ta, na matse ta a jikin bindigar awo, wato dunƙulen ƙarfe mai siffar bindiga da muke gyara kube a kansa. Na sa madauri mai maɓalli a sama, domin dokar kamfaninsu ke nan. Ya ɗauka ya tafi gida, ko gwadawa bai yi a gabana ba. Da ya dawo sai ya jefa mini shi a kan tebur.

"Ate," ya ce, wato Yaya a bakinmu, "wannan ai kurkuku ne, ba kube ba. Ya riƙe ta gam."

"Sabuwar fata ce, Gani. Ka naɗe bindigar a leda ka cusa ta, ka bar ta ta kwana a wurin aikinku. Kai da aka haifa a shagon nan nake koya wa wannan?"

"Na yi. Bai saki ba."

Ƙarya yake yi, ina ganin fatar na san ba abin da ya kwana a cikinta. Amma na haɗiye, na yanka wata. Wannan karon na sauke kuben ƙasa kaɗan, na karkata shi gaba. Ya dawo ya ce maɓallin ya yi nisa. Na matso da maɓallin. Ya ce yanzu bel ɗin ne ke lanƙwasawa. Na ba shi bel mai ninki biyu. Ya ce warin rinin yana sa shi ciwon kai. Warin rini. Mutumin da ya yi rarrafe a cikin guntayen fata, ya tashi da baƙin rini a gwiwa.

A haka muka ci fiye da rabin wata, ni ina ɓata fata mai tsada, shi yana zuwa ya cinye mini burodin pandesal ya sha kofi, yana yi wa aikina ba'a a gaban masu saye. Wai idona ya fara mutuwa. Wai da Tatay, mahaifinmu, yana raye da ba a kai haka ba. Na ji haushin wannan maganar ƙwarai, har na daina gaishe shi in ya shigo.

Rannan ya zo da azahar, ana yayyafi, ya ce abu ɗaya yake so: in buɗa kuben sosai, in kuma sassauta maɓallin yadda ko hura shi aka yi zai ɓalle. Na yi masa a take don in nuna masa. Na cusa bindigar awo, na kife kuben a kan tebur. Ƙarfen ya sulluɓo ya faɗo da ƙara, ya fasa mini faranti.

"Ka gani? Haka kake so ka yi ta zagaya ma'ajiya da ita cike da harsashi? Ka sunkuya ɗaure takalmi ta faɗo a ƙafar wani ɗan dako?"

"Ke dai ki yi abin da aka ce."

"Ba zan yi ba. Ka je kasuwar Quiapo ka sayi na roba. Sunana ba zai hau kan wannan shirmen ba."

"To ba ni in tafi."

"Ba inda za ka sai ka ɗaura na farkon nan ka zaro a gabana. Tun da muka fara ban taɓa ganin ka zaro ba."

Ya ce sauri yake yi. Na tashi na rufe ƙofar shago na zauna a bakinta. Ina da faɗi, ba ta inda zai bi. Ya yi ta surutu, daga ƙarshe ya ɗaura, na cusa masa bindigar awo. Ya kai hannun dama kan kuben. Babban yatsansa ya taɓa maɓallin ya zame. Ya sake, ya zame. Na uku ya danna da gefen tafin hannu, maɓallin ya buɗe, amma da ya kama marikin sai yatsu biyu na ƙarshe suka ƙi rufewa, ƙarfen ya taso rabi ya koma.

A damina hawan jini ya kayar da shi, ya yi kwanaki a asibiti, ya fito da ƙafarsa yana cewa ya warke sarai. Tun lokacin hannun nan yake cikin aljihu, kofi ma da hagu yake ɗauka, ni kuwa ina can ina duba ɗinki ina neman laifin zare.

"Gani," na ce, "fatar lafiyarta lau."

"Sanyi ne. In aka yi ruwa haka yake yi."

"Uhm. Sanyi a Marikina mai zafin nan."

Na juya ma'aunin takardar da nake yanka kube da shi ta baya, na shimfiɗa a kan fata, na soma yanka. Ya san abin da ake nufi in an juya ma'auni, ai gidanmu ɗaya.

"Kada ki soma, Ate. Ba zan sa kuben hagu ba."

"Za ka sa."

"In shiga ma'ajiya da bindiga a hagu? Shekara nawa suna ganinta a dama? Kafin in kai ofis kowa ya san labari."

"Su wa? Yaran da kake aika su ɗaure maka buhu, su buɗe maka kwalbar ruwa? Kana tsammanin makafi ne? Sun sani, sun rufa maka asiri ne kawai. Allon gwaji kuwa ba ya rufa wa kowa asiri."

Ya zage ni, zagin da bai yi mini ba tun muna yara. Ya ce tun farko ni ce mai son mulki a gidanmu, shi ya sa mijina ya gwammace aikin jirgin ruwa. Na ce masa ya fita kafin in jefe shi da guduma, na kuwa matsa masa ya fita. Cikin fushin nan na gama yankan, na huda da basilla, na ɗinke. Na sa maɓalli mai faɗi, na goge bakin fatar har ya yi santsi. Ban taɓa yin kube da zuciyata ke tafasa haka ba, kuma ban taɓa yin wanda ya kai shi kyau ba.

Kuben ya zauna a kan tebur yana jira. Na aika wa Gani, shiru. Na kira matarsa, ta ce ya hana a ambaci sunana. Sai ana jibi gwaji ya shigo, bai dube ni ba, ya ɗauki kuben da bindigar awo ya wuce bayan shago. Ina jin maɓallin yana ƙas, ƙas, ƙas, har na rufe shago. Washegari ma haka. Da na leƙa na ga hagun nan yana zarowa tsaf, ba gargada. Na ji daɗi, amma ban gaya masa ba, don har lokacin ina fushi.

Ranar Asabar, ranar gwajin, na kasa aiki. Na ɓata bel ɗin wani, na yi wa mai kawo zare masifa a banza. Na sayo taliyar pansit na rufe na ajiye. Da la'asar na hango shi yana tahowa ta layin masu takalma, cikin rigar aiki, kuben a hagu. Kamfani ba ya bari a fito da bindiga waje, saboda haka ganin kuben wayam bai gaya mini komai ba. Hular aikinsa ce babu a kansa.

Ya zauna a kan benci. Na tura masa pansit. Ya ɗauki cokali da hagu ya yi ta juya taliyar.

"To?" na ce.

"Na riga kowa zarowa, Ate. Har yaran. Ba ta maƙale ko sau ɗaya ba."

"Sai me?"

"Sai harbin. Biyu kawai suka shiga allo." Ya ajiye cokalin. "Malamin gwajin ya ce hannun ba laifi, rashin sabo ne. Ya ce da na yi ko da wata guda ina koyon harbi da hagu, da na wuce."

Wata guda. Na dubi kwandon da ke ƙarƙashin tebur, cike da kubannin dama da ya dawo mini da su. Na so in ɗauki kwandon in kifa masa a ka. Na buɗe baki in faɗa masa duk abin da ke raina, kuma da yawa ne, sai na ga yana ƙoƙarin kwance bel ɗin. Dama ta kasa riƙe ƙarfen bel, hagu ita kaɗai ba ta iya ja.

Na zagayo tebur na durƙusa na kwance masa, ina kuka ina ce masa sakarai.