Bugu Biyu a Kafaɗa

Tela yana da shekara hamsin da takwas ranar da ya fara cire takalmi ya hau katifar ɗakin koyon kokawar jiyu-jitsu da ke bayan kasuwa. Samarin wurin suka dinga kallon tumbinsa suna ƙunshe dariya. Bai bi ta kansu ba, shi da shatin yatsu ke kwance a wuyansa.

Ɗansa Dogo ne ya yi masa. Tun da ciwon ƙwaƙwalwa ya kama shi, idan abin ya motsa ba ya gane kowa. Makon jiya ya danne uban a tsakanin kekunan ɗinki ya shaƙe shi, da ƙyar maƙwabta suka ɓamɓare shi. Yayan tela ya rantse in aka sake, da kansa zai kai Dogo asibiti ya baro shi can.

"Baba, dukan mutum kake son koya?" in ji kocin wurin.

"A'a, ɗana. Yadda zan kuɓuta ban ji masa ciwo ba."

Aka haɗa shi da wani makanike mai nauyin buhu biyu. Manne haɓa da ƙirji, kama hannu ɗaya, tare ƙafa, ɗaga ƙugu ka juya. A baki kam ba wuya. In numfashi ya ƙare, ka bubbuga kafaɗar abokinka sau biyu ya sake ka, dokar wurin ke nan. To ita kaɗai tela ya ƙware a kai. Sati uku, ko sau ɗaya bai juyar da makaniken ba.

"Baba, Dogo bai san wannan dokar ba," kocin ya ce. "Ka daina saba wa hannunka da ita, za ta kashe ka."

Tela ya koma gida zuciyarsa cike da tsoro.

Ranar Alhamis da hantsi abin ya motsa a shago. Kafin tela ya ajiye almakashi da kyau, yana ƙasa, Dogo a kan ƙirjinsa. Ya manne haɓa, ya kama hannu, ya ɗaga ƙugu. Bayansa ya ƙi. Ya sake, ya ƙi. Kiran maƙwabta kuwa daidai yake da kiran yayansa, don haka ya yi gum. Idonsa ya fara ganin duhu, sai hannun nan mara jin magana ya bubbuga kafaɗar Dogo sau biyu.

Yatsun suka sassauta. Haka uban yake bubbuga Dogo yana ƙarami, in mafarki ya firgita shi.

"Baba? Me na yi?"

"Ba komai. Ɗaga ni, ka yi nauyi."

Ana ta buga ƙofa, ana tambayar ko lafiya. Tela ya ɓalla maɓallin rigarsa har wuya kafin ya buɗe.

"Lafiya lau," ya ce, muryarsa a dishe. "Keke ne ya faɗi."