Rakiya Zuwa Bakin Asansar

Muntaka likitan soja ne. Rundunar ce ta karantar da shi, ita ce kuma ta sake shi ya zo Lyon, a ƙasar Faransa, koyon tiyatar ƙashi, da sharaɗin in wa'adi ya cika ya koma bariki ya kama aiki. Wa'adin ya cika, karatun bai cika ba. Saura shekara guda, kuma a cikinta ne ake sakar wa mutum wuƙa ya yi aiki shi kaɗai. In ya koma yanzu, mai miƙa wa wasu almakashi zai zama.

Mutum ɗaya ke iya ɗaga masa ƙafa, Kolonel Mamadu, shugaban likitocinsu. Ya zo an yi masa aikin gwiwa, ya sauka wajen 'yarsa Sahadatou a Sevran, can wajen babban birnin ƙasar. Gobe zai koma Yamai.

Da asuba Muntaka ya rufe ɗakinsa na Vaulx-en-Velin, a gefen Lyon. Bai sallami kowa ba, don babu wanda zai sallama. A jirgin ƙasa ya yi ta tauna maganar har ta yi laushi.

Ya tarar da Kolonel cikin jallabiya, ƙafa bisa matashi.

"Kai, ɗan Mirriya! Nasara sun hana ka abinci ne? Dubi wuya kamar na zakara."

"Aiki ne, mon colonel."

"Aiki ko rashin mata? Sahadatou, cika masa kwano. Kayan gwamnati ne, kada ya lalace a hannunmu."

Aka gaisa, aka sake gaisawa. Aka ci shinkafa. Kolonel ya yaye jallabiya ya nuna masa ɗinkin, Muntaka ya taɓa ya ce aikin ya yi kyau. Can dattijon ya zuba masa ido.

"To, sai me kuma?"

"Lafiya lau. Gaisuwa ce kawai."

A gida haka ake yi. Ba a ɗora buƙata bisa abincin mutum, balle gaban 'yarsa. Ajiye ta ake yi sai an fito rakiya, mai gida na riƙe da hannunka kuna takawa zuwa bakin hanya, sannan ka ce, af, na ce ba. Haka ya ga mahaifinsa na yi.

Da la'asar Kolonel ya jawo sanda. "Bari in taka maka."

Tafiyar ba ta da tsawo. Kolonel ya sa kan sandarsa ya danna maɓallin asansar, na'urar hawa da sauka a benen. Muntaka ya ɗauka za su jira, sai ƙofa ta buɗe nan take. Wata mata na ciki da keken jariri, ta tare ƙofar da ƙafa tana kallon su.

"Vous descendez?" in ji ta, wato ko ƙasa za su sauka.

"Shiga mana, kada ka tsayar da baiwar Allah," in ji Kolonel.

"Mon colonel, na ce ba..."

"Allah ya kiyaye hanya. Sai mun gan ka a gida, muna buƙatar hannu."

Ƙofa ta haɗe.

A ƙasa ƙofar benen ta kulle kanta a bayansa. Wasu mutane na jingine da bango suna shan taba. Ya daɗe tsaye kafin ya danna ƙararrawar gidan.

Muryar Sahadatou ta fito da ƙarfi, duk wanda ke wurin ya ji. "Wa ke nan?"

"Muntaka ne."

"Likita, mantuwa ka yi? Baba ya shiga ya kwanta. In tashe shi?"

Ya kalli 'yan hujojin ƙarfen da muryar ke fitowa. A tashi babba daga barci, a roƙe shi ta nan, masu taba na saurare.

"A'a. Ki ce masa na sauka lafiya."

Ya koma Lyon. Washegari, da ya taso daga asibiti, ya biya kantin unguwarsu ya tambaya ko suna da kwalayen da ba sa so, na haɗa kaya.