Ƙafar Aro

Shekara talatin da ɗoriya Tela da Mai Agogo suna maƙwabtaka a layin bayan tasha. Langa-langa ce kawai tsakanin shagunansu, in ɗaya ya yi atishawa ɗayan ne ke yi masa addu'a. Da hantsi su sha shayi a benci ɗaya, suna musu a kan abin da bai shafe su ba. Mai Agogo ya ce ƙarar keken ɗinkin Tela ce ke rikita masa agoguna, Tela ya ce duk agogon da ya shiga hannun Mai Agogo ya yi ban kwana da gaskiya. A haka suka yi furfura.

Keken nan baƙi ne, na takawa, irin na da, kuma yana da hali. In ka taka shi ba daidai ba, sai ya juya da baya ya tsinke zare. A ƙarƙashinsa autan Mai Agogo ya yi rarrafe, yana hawa ƙafar Tela yana lilo ana ɗinki. Tela ne ya ɗinka masa kayan makaranta na farko, har ya bar ninki a ƙafar wandon, don yaron akwai saurin tsawo.

To, wannan autan ne, bayan ya girma ya zama direban motar kai yara makaranta, ya banke Tela wata safiya yana buɗe shago. Motar ta haye dakali ta matse masa ƙafar dama da ƙofa. Da ya fito ya durƙusa yana "Baba Tela! Baba Tela!", warin giya ya riga muryarsa isowa. Allah ya taimaka bai riga ya kwashi yaran ba.

A asibiti aka sa ƙarafa a ƙafar. Likita ya ce tafiya za ta yiwu da sanda, amma taka keke sai dai a manta. 'Yar Tela ta fari, wadda ba ta ɗaukar wargi, ta kai rahoto wurin 'yan sanda tun jini bai bushe a dakalin ba, ta kuma ɗauki hoton ƙafar da na ƙofar.

"Baba, za su tambaye ka a kotu," in ji ta. "Ka faɗa yadda abin yake, kada ka rage komai."

Mai Agogo ya zo dubiya, ya zauna a bakin gado yana murza hula, babu zolaya ko ɗaya.

"Mutumina, ban ce bai yi laifi ba. Amma kai kaɗai ka ji warin nan, don ya gudu kafin 'yan sanda su iso. Ka ce birki ne ya ƙi ci. Ɗanka ne fa."

Tela ya zuba wa silin ido. Wallahi ya so ya ce to. Har yanzu yana jin nauyin yaron a kan ƙafar da aka ɗaure. Amma ya tuna yaran da ke tsayawa a kan dakalin nan kullum da safe suna jiran motar, jakunkuna sun fi su girma, rabinsu shi ya ɗinka musu riguna.

"Da ƙafata ce kaɗai, da na yafe tun kafin ka buɗe baki," ya ce. "Amma gobe zai koma kan sitiyari da 'ya'yan mutane a bayansa."

Haka ya faɗa a gaban alƙali, har da batun warin giyar. Aka ƙwace lasisin autan, aka yanke masa ɗauri. Mai Agogo ya tashi ya fita, ko inda Tela yake bai kalla ba.

Da Tela ya koma shago da sandarsa, ya gwada takawa da hagu. Keken ya ce bai san zancen ba, ya yi ta komawa baya yana cin zare. Ɗinkin mutane ya taru. Shayi ya koma kofi ɗaya. Yana jin agoguna na bugawa ta bayan langa-langa, yana jin tarin abokinsa, amma ko gaisuwa babu. Ran nan ya yi atishawa, ya kasa kunne, shiru. Wannan ya fi ƙarafan ƙafar yi masa ciwo, kuma bai ɓoye wa kansa ba, ya yi kuka.

An daɗe a haka. Sai wata safiya ga Mai Agogo da kujerarsa a hannu, fuska a murtuke.

"Na je wurin Auta. Ya ce in gaida Baba Tela, ya ce ka yi daidai." Ya gyara riƙon kujerar. "Ni dai ban ce ka yi daidai ba tukuna. Shirun keken nan ne ya hana ni aiki."

Ya ajiye kujerar ta bayan keken, ya cire takalmi, ya miƙa ƙafa ya ɗora a kan matakin.

"Riƙe yadinka, ni in taka."

Takun farko keken ya juya baya, zare ya tsinke.

"Kai, a hankali!" in ji Tela. "Wannan ba agogo ba ne da za ka ɓata ka ce daga kamfani ya zo haka."

"Zura zarenka, tsoho, ka cika surutu."

Tela ya lashi bakin zaren ya nufi allura. Sai da ya goge idonsa da hannun riga kafin ya iya ganin kafar allurar.