Allurar Tanki

…kuma ai sauka take yi, to mene ne na damuwa? Abin da ake nema ke nan. Auta tana tsaye a bayan gida, bokitin wanki a hannu, ko fararen kayan asibiti ba ta cire ba, idonta a kan ɗan agogon da ke saman tankin gas. Allurar ta sauka. Ta sauka sosai ma. Da safe da ta gani har hamdala ta yi da ƙarfi, maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko ƙarin girma aka yi mata.

To me ya hana zuciyar nan zama?

Shanya. A yi shanya tukuna, rana ta kusa faɗuwa. Rigar Baba, zanin gado, tawul… ga tankin can dai kwance, fari, dogo, ƙafafunsa duk tsatsa, ya jingina da tagar Baba sai ka ce tare aka haife su. Saniyar gidan, in ji Baba. Kullum da safe sai ya buɗe taga ya gaishe ta — an tashi lafiya, saniya? — ya yi dariyarsa shi kaɗai.

Dillalin gidan nan, Allah ya isa. Bakinsa kamar an shafa zuma. Malama, kin huta da ɗaukar tukunyar gas har abada, wannan kyauta ce tsohon mai gidan ya bar miki. Kyauta! Ita kuma ta washe baki, ta shafa ƙarfen da hannunta. Ɗakin take kallo a lokacin, ba tanki ba. Ɗaki a ƙasa, taka ɗaya kawai za ka sauka ka shiga, taga babba, bishiyar lemo a gabanta. Baba da gwiwoyinsa, da ya shekara nawa a saman benen Yaya yana kallon rufin gidajen mutane… Ranar da ta kawo shi ya zauna bakin tagar nan ya daɗe yana kallon waje, can ya ce, Auta, yau na ga ƙasa. Sai da ta shiga banɗaki ta yi kukanta.

Sai mutumin kamfanin gas. Ita fa kiransa ta yi ya zo ya ga inda za su riƙa zubawa, shi ke nan. Ya zagaya, ya tsuguna, ya shafa kumfar sabulu a duk wata mahaɗar da ido ke gani, ya miƙe yana kaɗa kai. Wannan ba a kan ƙa'ida yake ba, Malama. Tankin ya riga ɗakin. Daga baya aka zo aka gina ɗaki a jikinsa, aka toshe hanyar da mota za ta shigo ta zuƙe abin da ke ciki. Ko ɗigo ba za mu ƙara ba. Ku ƙarar da shi da girki, sai a zo a raba shi da gidan. Ya ɗaura jan ƙyalle a wuyan tankin. Bututun fa? Na sama lafiya lau, in ji shi. Amma ya nutse a nan, ya bi ta ƙarƙashin ɗakin zuwa kicin, wanda ke ƙasa kuwa sai Allah. Da ni ne, ba na barin kowa ya kwana a ciki.

Da shi ne. Ai ba shi ba ne! Shi zai kalli Baba ya ce tattara? Zuwa ina — falo, kan kujera, ko a mayar da shi saman bene? Shi zai ɗaga waya ya kira Yaya?

Yaya… Ba faɗa zai yi ba, da ma faɗan ne da sauƙi. Numfashi zai ja, sannan a hankali: ai na faɗa miki, Auta. Gida ba takalmi ba ne da za ki gani ki ce a naɗe miki. Ki kira ni mu duba, kin ƙi. Washegari kuwa mota a ƙofa, a ɗauki tsoho a hau da shi, ana riƙe shi ta hammata.

Jan ƙyallen yana aljihun jakarta. Ta kwance shi tun ranar, don Baba ba ya ganin abu ya ƙyale.

Tawul ya faɗi ƙasa. Tsaki. Sai an sake ɗauraya.

Shi ya sa ta zama mahaukaciyar girki. Wake, tun asuba. Ruwan wankan da ba wanda ya nema. Ta dafa labule, ta dafa tsummokara, ta aika wa maƙwabta abinci har suka fara dawo da kwano da kunya. Baba ya ce, ke kuwa ko gidan abinci za mu buɗe ba a gaya mini ba? Duk kawunan murhun a kunne, kicin kamar gidan burodi, gumi har cikin ido — ta fito da gudu ta duba allurar. Ko gezau. In ta motsa ma, da ƙyar, kamar ana roƙonta. Har duka ta taɓa kai wa agogon da ludayi.

Amma yanzu ga shi ta sauka. Makon nan kaɗai ta yi tafiyar da ba ta yi ba tun da aka fara. Alhamdulillahi mana. Kwana kaɗan a huta, a kira masu ɗauka, Yaya bai ji ba bai gani ba, Baba da tagarsa…

Makon nan.

Tsaya. Makon nan me ta dafa?

Abokiyar aikinta ce ta haihu, aiki ya dawo kanta, ta fita da duhu ta dawo a gajiye. Burodi. Abincin saye a leda. Shayin Baba a butar lantarki. Jiya? Saye. Shekaranjiya? Maƙwabciya ce ta rama alheri. Tukwanen suna nan a kife yadda ta bar su, har ƙura… A'a. Ta dai kunna ko sau ɗaya. Ta kunna mana. Yaushe?

Ko agogon ne ya lalace, tun dukan ludayin. Tsohon abu. Ƙila allurar ta maƙale ne da can, yanzu ta saki. Haka ne ma. Haka ne.

To magen fa? Magen da ba ta da wurin kwana sai ƙarƙashin gadon Baba, kwanan nan a bakin ƙofa take tsayawa ta juya. Ta yi fushi da ni, in ji shi. Da ciwon kan nan. Auta, kaina nauyi, barci kawai nake ji. Ita kuma, malamar asibiti guda, mai auna mutane safe da yamma, ta ɓallo ƙwaya biyu ta miƙa masa tana neman makullin ƙofa — gajiya ce, Baba, ka sha ruwa da yawa. Tun yaushe ya sauko da katifarsa ƙasa wai gado zafi? Hancinsa kuwa ya mutu tun rashin lafiyar bara, ko madara ce ta lalace sai an gaya masa. Ita rabonta da ta zauna a ɗakin, ba leƙe daga ƙofa ba… Warin da ta ji rannan a ƙofar ɗakin, ta ce kwata ce. Ta ce kwatar maƙwabta ce!

Me mutumin kamfanin ya ce yana saka takalmi? Shi wannan gas ɗin ba ya tashi sama, Malama, nauyi gare shi. Ƙasa yake bi kamar ruwa, inda ya fi zurfi nan yake kwanciya.

Taka ɗaya za ka sauka ka shiga.

Bokitin ya yi nauyi, hannun ya ƙi sakinsa. Makullin tankin yana can ɗaya gefen — dama ake murɗawa ko hagu? Ya nuna mata. Ya nuna mata, tana tunanin Yaya. Ko ɗakin za ta fara? Ta zaga ta kicin, ta falo, ta… Rana ta faɗi. Sauro ya fara kuka a kunnenta, lokacinsu ya yi, lokacin da Baba yake jawo maganin sauronsa mai hayaƙi ya ajiye a ƙasa kusa da katifa.

Daga cikin taga, ƙaramar ƙara. Ta san ta tun tana yarinya: kullum sai ya girgiza kwalin ashana a kunne ya ji ko da saura.

"Baba!"

"Na'am, Auta? Kin dawo? Bari in kunna wannan in zo."